Shafukan intanet da ke bayanin addinin Kirista da tauhidinsa: Waɗanda suka kafa su da abin da mai karatu zai samu a ciki

Tun daga taƙaddamar tikitin Musulmi da Musulmi a zaɓen 2023, har zuwa ƙarshen watan Oktoban 2025 da Shugaba Donald Trump ya sake sanya Nijeriya cikin jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da tauye 'yancin addini, matasan Arewa ba su daina muhawara kan addinin Kirista ba a Facebook da X da zaurukan WhatsApp. Abin lura shi ne mafi yawan wannan muhawara ana yin ta ne da guntun bidiyo na daƙiƙa talatin da hoton aya da aka yanke. Musulmi kan yanke hukunci a kan abin da Kirista ya yi imani da shi bisa abin da ya ji daga bakin mai jayayya da Kiristanci. Matashin Kirista kuma sau da yawa iyakar abin da ya sani shi ne fahimtar cocin da aka haife shi a ciki.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a yankin da rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 ya faro daga saɓani kan wani wa'azi a Kwalejin Ilimi ta garin, sannan ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da wasu garuruwa. Saboda haka muka tattara manyan kafofin da ake samu a intanet, da bayanin wanda ya kafa kowace da kuma ɓangaren da take karkata, domin mai son fahimta ya je ga tushe da kansa.

Littafin kansa

Littafi Mai Tsarki tarin littattafai ne da aka rubuta cikin ƙarnoni da dama. Tsohon Alkawari da Ibrananci aka rubuta shi, sai 'yan wurare da Aramaik, Sabon Alkawari kuma da Girkanci. 'Yan Furotesta, wato irin su ECWA da COCIN da Baptis da cocin Fentikos, suna da littattafai 66, wato 39 a Tsohon Alkawari da 27 a Sabo. Katolika suna da 73, domin Tsohon Alkawarinsu ya ƙunshi 46. Cocin Orthodox na Habasha kuwa 81 yake ƙirgawa. Wanda bai san wannan ba zai ga an ambaci littafin Tobit ko na Makabiyawa ya neme shi a kwafin da ke hannunsa ya rasa, sai ya ɗauka an yi masa ƙarya.

Hanya mafi sauƙi ta karanta shi a waya ita ce manhajar YouVersion, wadda ake samu kuma a shafin bible.com. Cocin Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ne ya ƙaddamar da ita a 2008, kuma zuwa 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Kyauta ce, kuma akwai fassarar Hausa a ciki, har da Sabon Rai Don Kowa wadda ƙungiyar Biblica ta fitar cikin Hausa mai sauƙi. Ana iya sauke wasu fassarori a karanta ba tare da data ba. Bible Gateway ya girme ta, domin tun 1993 aka kafa shi, kuma yanzu yana hannun kamfanin ɗab'i na HarperCollins. Amfaninsa shi ne jera fassarori da yawa gefe da gefe. Ga mai son saurare, manhajar Bible.is ta ƙungiyar Faith Comes By Hearing tana da karatun murya a harsuna masu yawa.

Fassarar Hausa tana da tsohon tarihi. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ne ya fara fassara sassanta a tsakiyar ƙarni na 19, da taimakon Dorugu, wani yaro Bahaushe da aka 'yanta daga bauta aka tafi da shi Turai. Cikakken littafin ya fito a 1932, kuma Dakta Walter Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya zauna a Zariya, yana cikin waɗanda suka fi taka rawa a aikin. Kusan rabin ƙarni bayan haka aka fitar da sabuwar fassara. Tun a wancan lokaci masu fassarar suka yi amfani da sunan Allah da kalmomi irin su annabi da mala'ika da Zabura da Almasihu, kalmomin da Musulmi da Kirista masu jin Hausa suke tarayya a kansu har yau, ko da yake ma'anar da kowane ɓangare ke bai wa wasunsu ta bambanta. Nan ne ake yawan samun ruɗani, domin mutum biyu sukan furta kalma ɗaya alhali kowa da abin da yake nufi.

Wani abin da ya kamata mai muhawara ya sani shi ne lambobin surori da ayoyi ba sa cikin asalin rubutun. Rabon surorin da ake bi yanzu ana danganta shi ga Stephen Langton a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuma wani maɗabi mai suna Robert Estienne ne ya sanya su a 1551. Wasiƙun Manzo Bulus wasiƙu ne da aka rubuta domin a karanta su gaba ɗaya. Don haka idan aka turo maka aya guda a hoto, buɗe surar ka karanta abin da ya gabace ta da abin da ya biyo baya. Minti biyar ya isa.

Ga wanda yake son ya leƙa kalmomin asali ba tare da ya iya Girkanci ko Ibrananci ba, akwai STEP Bible, wanda ya samo asali daga cibiyar bincike ta Tyndale House a Cambridge, da Blue Letter Bible da Bible Hub. Idan ka latsa kalma sai su nuna maka ta asali, da ma'anoninta, da sauran wuraren da ta zo. Sai dai a yi hattara, ganin jerin ma'anoni a ƙamus bai mai da mutum masanin harshe ba. Na sha ganin masu wa'azi da masu raddi, daga kowane ɓangare, sun zaɓi ma'anar da ta dace da buƙatarsu daga cikin biyar sun gina hujja a kanta.

Tsofaffin rubuce-rubucen hannu da maganar sauyi

Tambayar da ta fi yawo tsakanin matasa ita ce ko an sauya Littafi Mai Tsarki. Wannan tambaya tana da fuskar aƙida, wadda kowa ke amsawa bisa imaninsa, tana kuma da fuskar tarihi, wadda ake iya dubawa da ido. Shafin codexsinaiticus.org, wanda aka kammala a 2009, ya ɗora hotunan wani kundi na ƙarni na 4 da ke ɗauke da cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da aka sani. Takardunsa a warwatse suke a wurare huɗu: Laburaren Birtaniya da ke Landan, Jami'ar Leipzig a Jamus, Laburaren Ƙasa na Rasha a St Petersburg, da gidan ibada na St Catherine a yankin Sina'i na Masar. Intanet ce ta sake haɗa su wuri guda.

Wanda ya duba zai tarar cewa a wannan kundi Linjilar Markus ta tsaya a sura 16 aya 8, ba ta da ayoyi goma sha biyu na ƙarshe da ke cikin fassarar King James ta 1611. Labarin matar da aka kama da zina, wanda ke ƙarshen sura 7 da farkon sura 8 ta Yohanna, shi ma ba ya ciki. Malaman Kirista ba su ɓoye wannan ba. Yawancin fassarorin zamani suna rubuta shi a ƙasan shafi, kuma akwai fanni guda na ilimi da aikinsa kwatanta dubban tsofaffin kwafe-kwafe. Inda masana suka rabu shi ne kan nauyin waɗannan bambance-bambance. Bart Ehrman, Ba'amurken masani wanda ya bar addinin, yana ganin suna da muhimmanci, masana irin su Daniel Wallace kuma suna cewa babu wata babbar aƙida da ta dogara a kan wurin da ake saɓani. Sun yi muhawara a bainar jama'a, kuma tana nan a YouTube. Kallon ta gaba ɗaya ya fi amfani a kan guntun da wani ya yanko domin ya ci gardama.

A ɓangaren Tsohon Alkawari, rubuce-rubucen da aka fara ganowa a kogunan Qumran kusa da Tekun Gishiri a 1947 su ma an ɗora hotunansu a intanet, har da naɗaɗɗen littafin Ishaya.

Dole a taɓo Linjilar Barnaba, domin duk bayan 'yan watanni sai labarinta ya sake zagayowa, yawanci da hoton wani baƙin littafi mai rubutun zinare da aka ce an gano a Turkiyya. Kwafe-kwafen wannan littafi da aka sani biyu ne, ɗaya da Italiyanci, wanda ke laburaren ƙasa a birnin Vienna, ɗaya da Sifaniyanci, kuma babu wanda ya girmi ƙarshen ƙarni na 16. An fassara shi zuwa Turanci a 1907. Galibin masana tarihi suna ɗaukar sa a matsayin rubutun da aka yi ƙarnoni da yawa bayan zamanin almajiran. Akwai kuma abin da masu yaɗa shi ba su cika faɗa ba: littafin ya musanta cewa Isa ne Almasihu, alhali Alƙur'ani da wannan laƙabi yake kiran sa.

Abin da kowace ɗarika ta ce da bakinta

Kirista masu jin Hausa suna kiran fannin nazarin aƙidarsu ilimin tauhidi, kuma ba murya ɗaya ke cikinsa ba. Ƙa'idar aikin jarida ta dace a nan: idan kana son sanin matsayin mutum, nemi takardar da ya sa wa hannu.

Katolika sun fi kowa sauƙaƙa wannan aiki. Shafin vatican.va yana ɗauke da Katekisim na 1992, wanda ya tattara koyarwar cocin cikin sakin layi masu lamba, da takardun Babban Taron Vatikan na Biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, da wasiƙun fafaromomi. Ga matashi mai sha'awar siyasa, nan ne ya fi cancantar ɓata lokaci. Wasiƙar Rerum Novarum ta Fafaroma Leo na 13, wadda ta fito a 1891, ta yi magana kan haƙƙin ma'aikata da albashin adalci da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago. Laudato si' ta 2015 ta shafi muhalli da sauyin yanayi. Nostra Aetate ta 1965 gajeriyar takarda ce, kuma sashenta na uku ya bayyana girmamawar cocin ga Musulmi tare da kiran a bar gabar da ta wuce. Wanda ya karanta waɗannan zai gane cewa idan Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato ko taron bishop-bishop na Katolika suka soki gwamnati, suna tsaye ne a kan wata tsohuwar koyarwa ta zamantakewa. Mutum na iya ƙin yarda da su, amma zai san daga inda maganar ta taso.

A nan kuma ake samun takardar 'yan'uwantakar bil'adama da Fafaroma Francis da Shehun Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa wa hannu a Abu Dhabi ranar 4 ga Fabrairu 2019. Takwararta daga ɓangaren Musulmi ita ce buɗaɗɗiyar wasiƙar A Common Word ta 2007, wadda malamai da shugabanni 138 suka aika wa shugabannin Kirista, ciki har da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar. Tana da shafinta, tare da amsoshin da coci-coci suka mayar.

'Yan Furotesta ba su da hedikwata guda, saboda haka kafofinsu a rarrabe suke. The Gospel Coalition, wadda D. A. Carson da Tim Keller suka kafa a 2005, tana wakiltar 'yan bishara masu bin tafarkin John Calvin, kuma tana da sashen Afirka. GotQuestions yana amsa tambayoyi a taƙaice, kuma shi ne yakan fito a sama idan ka yi bincike a Google, sai dai amsoshinsa fahimtar 'yan bishara na Amurka ce. Idan ya yi bayanin Katolika, bayanin abokin hamayya ne, kamar yadda Catholic Answers yake idan ya juyo kan Furotesta. BibleProject, wanda Tim Mackie da Jon Collins suka kafa a Portland a 2014, yana bayanin tsarin kowane littafi da bidiyon zane na 'yan mintuna, kuma a ganina shi ne mafi dacewa ga mai farawa. Majalisar Coci-coci ta Duniya, wadda aka kafa a 1948, tana ajiye takardunta a oikoumene.org.

Shafin jw.org yana da sashen Hausa mai yalwa, saboda haka mai bincike da Hausa yakan faɗa cikinsa da wuri. Na Shaidun Jehobah ne, waɗanda ba su yarda da aƙidar Triniti ba, ba sa shiga siyasa, ba sa bikin Kirsimeti. Sauran manyan ɗariku ba sa ɗaukar koyarwarsu a matsayin wakiliyar Kiristanci, don haka kafa hujja da shi a kan ɗan ECWA ko Bakatolike aikin banza ne.

Magabata da laccocin jami'a

Christian Classics Ethereal Library, wato ccel.org, wanda Harry Plantinga ya fara a 1993, da New Advent suna ɗauke da fassarar Turanci ta rubuce-rubucen magabatan coci. A nan za ka ga yadda aka yi gardamar da ta kai ga taron Nikiya na shekarar 325, inda aka tsara shahadar bangaskiya game da matsayin Yesu, da taron Kalsidon na 451, wanda bayansa cocin Kibɗawa na Masar da na Habasha suka bi tasu hanya. Da yawa daga manyan masu wannan tunani 'yan Afirka ne. Tertullian mutumin Kartaj ne a Tunisiya ta yau, Athanasius bishop ɗin Iskandariyya ne, Augustine kuma ya yi aiki a Hippo, wato Annaba ta Aljeriya. Littafinsa The City of God, wanda ya fara bayan an wawashe birnin Rum a 410, har yanzu ana karanta shi a sashen kimiyyar siyasa. Turancin waɗannan fassarori tsoho ne mai nauyi, sai an daure.

Wanda yake son nazari irin na jami'a, ba wa'azi ba, ya nemi Open Yale Courses. Akwai cikakkun laccocin Christine Hayes kan Tsohon Alkawari da na Dale Martin kan Sabon Alkawari, da bidiyo da rubutu, duka kyauta. Hanyar da suke bi ta masana tarihi ce, kuma wasu sakamakonsu kan marubutan littattafan da lokacin rubuta su ya saɓa wa abin da ake koyarwa a coci-coci da yawa na Nijeriya. Stanford Encyclopedia of Philosophy yana da dogayen maƙalu kan Triniti da hujjojin samuwar Allah da matsalar mugunta, inda ake jera hujja da raddinta.

Muryar Afirka da ta Arewa

Giɓin da ya fi fitowa fili shi ne kusan duk kafofin da aka lissafa daga Amurka da Turai suke, da kuɗinsu da tambayoyinsu. Abin da ke damun Kirista a Texas ba shi ke damun na Gwoza ko Zangon Kataf ba.

Dictionary of African Christian Biography, wato dacb.org, wanda aka fara a 1995 kuma yake ƙarƙashin Jami'ar Boston, yana rage wannan giɓi. Yana tattara tarihin rayuwar Kiristocin Afirka ƙasa bayan ƙasa, daga Bishop Samuel Ajayi Crowther zuwa masu bishara na ƙauye da ba su shiga littattafan Turawan mishan ba. A ciki akwai Byang Kato, ɗan Kwoi a Kudancin Kaduna, wanda aka haifa a 1936, ya zama babban sakataren ƙungiyar 'yan bishara ta Afirka, ya rasu a teku kusa da Mombasa a 1975. Ya yi gargaɗi kan cuɗanya Kiristanci da addinan gargajiya, masana irin su John Mbiti na Kenya da Kwame Bediako na Gana kuma suka fi ganin darajar gadon Afirka a cikin bangaskiya. Wannan muhawara ba ta mutu ba. Shafin biblicalstudies.org.uk yana da tsofaffin fitowar mujallar Africa Journal of Evangelical Theology, African Journals Online kuma yana da maƙalun malaman jami'o'in Nijeriya, wasu kyauta, wasu na kuɗi. Africa Bible Commentary na 2006, wanda Tokunboh Adeyemo ya jagoranci masana 70 na Afirka suka rubuta, littafi ne na saye.

Sanin tarihin coci-cocin Arewa yana warware abubuwa da dama a siyasar yau. ECWA ta fito daga mishan ɗin SIM da ya fara zuwa a 1893, ta tsaya da ƙafarta a 1954. COCIN ta fito daga SUM, wanda Karl Kumm ya kawo a 1904. Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ta faro a Garkida a 1923, kuma uwarta a Amurka tana cikin coci-cocin da aƙidarsu ta hana ɗaukar makami. Mafi yawan 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yan wannan coci ne. Ƙungiyar CAN, wadda aka kafa a 1976, inuwa ce da ta haɗa ɓangarori masu saɓanin aƙida, saboda haka sanarwarta matsayi ne na ƙungiya, ba fatawar tauhidi ba. Makarantun tauhidi irin su TCNN da ke Bukuru da JETS da ke Jos sun yaye dubban fastoci, amma kaɗan ne daga binciken ɗalibansu ya hau intanet, kuma rubutun tauhidi mai zurfi da Hausa ya fi yawa a takarda a kan waya.

Ko a kan tambayar biyayya ga gwamnati, Kirista ba su taru a wuri ɗaya ba. Sura 13 ta wasiƙar Romawa tana umarni da biyayya ga mahukunta, sura 13 ta Wahayin Yohanna kuma tana siffanta mulkin zalunci da dabba. A lokacin zanga-zangar EndSARS ta 2020 da ta tsadar rayuwa a watan Agustan 2024, an ji fastoci suna jingina da kowane ɓangare. Haka batun zakka ko ushiri da bisharar arziki, wanda ya ta da ƙura a Nijeriya a 2017, yana da masu goyon baya da masu suka a cikin coci kanta.

Kafin ka amince da shafi

Duba sashen da shafin ya gabatar da kansa da bayanin aƙidarsa. Shafin da ya ɓoye mai shi da mai ba shi kuɗi, a ajiye shi gefe. Manhajojin kyauta kuma suna tattara bayanai. YouVersion takan sanar da ayar da aka fi alamtawa da rabawa a kowace shekara, har ƙasa bayan ƙasa, wanda ke nuna ana ƙirga abin da masu karatu ke yi. Ga wanda yake zaune inda ganin irin wannan manhaja a wayarsa zai jawo masa fitina, ya fi sauƙi ya karanta ta burauza ba tare da buɗe asusu ba.

Alƙaluma ma suna buƙatar taka-tsantsan. Ƙidayar jama'a ta 1991 da ta 2006 ba su tambayi addini ba, saboda haka duk adadin Kirista da Musulmin Nijeriya da ka gani, ko daga cibiyar Pew ko daga wata, ƙiyasi ne da aka gina a kan binciken samfuri. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa sukan ƙago aya ko su jingina wa Augustine maganar da bai faɗa ba, cikin harshe mai daɗi da tabbaci. Idan suka ba ka sura da aya, ko sunan littafi da babi, buɗe bible.com ko ccel.org ka gani ko maganar tana wurin.